Waken da Turai Ta Ƙi, a Tukunyarmu Yake Ƙarewa: Martani

A 'yan kwanakin nan wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da sharhi a kan abincin da ƙasashe ke hana shigarwa ko sayarwa, kuma sharhin ya samu karɓuwa, domin ya sosa wa mutane inda yake yi musu ƙaiƙayi. Matsayinsa shi ne duk wannan hane-hane siyasa ce da kishin kasuwa, batun lafiya fakewa ce kawai. Ya ce abin da Turai ta haramta ana cin sa a Amurka, abin da Amurka ta haramta yana nan jibge a kantunan Turai, don haka babu binciken da za a gaskata. Ya ce takunkumin da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa waken Najeriya makirci ne na durƙusar da manominmu. Ya rufe da cewa iyaye da kakanni sun ci wannan wake da wannan gyaɗa sun yi tsawon rai, ba su san wata hukuma ba.

Malam, akwai gaskiya a wani gefe na maganarka, kuma ba zan ɓoye ta don neman galaba ba. Amma ka ɗauki wannan gaskiya ka lulluɓe babban haɗari da ita, haɗarin da ke cikin kwanon da 'ya'yanmu ke sa hannu safe da yamma. Shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba.

Kishin kasuwa yana nan, babu musu. Dubi labarin tarwaɗa a Amurka. Da kifin Biyetnam mai araha ya fara cika kasuwarsu, masu kiwon tarwaɗa na jihar Mississippi da maƙwabtanta suka ruga majalisa. A 2002 aka yi dokar da ta hana a kira kifin Biyetnam da sunan tarwaɗa a kanti, a 2003 aka lafta masa haraji, daga baya kuma aka ɗauke aikin duba tarwaɗa daga hukumar abinci da magunguna aka miƙa wa ma'aikatar gona mai sharuɗɗa masu tsauri, alhali sauran kifaye an bar su inda suke. A nan ne tarwaɗarmu ta banda ta maƙale a 2018, da hukumominmu suka kasa cike takardun da aka nema a kan lokaci. Turai ma ba wankakkiya ba ce. Tun 1989 ta hana naman shanun Amurka da ake ƙara wa sinadarin saurin girma, kuma a 1998 ƙungiyar cinikayya ta duniya ta yanke cewa Turai ba ta kawo isasshiyar hujjar bincike ba. Mu kanmu mun yi irin wannan. Da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ba wanda ya ce shinkafar waje guba ce. Manomi da mai injin casa na gida ake son karewa, kuma mutanen Jibiya da Maraɗi da Illela da Ƙonni sun san abin da matakin ya jawo musu.

To, amma daga nan zuwa cewa duk hani makirci ne, akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tafiya ce sharhinka ya ɓace. Singafo ta hana sayar da cingam a 1992 ba don tana da kamfanin da take karewa ba. Mutane ne ke manna shi a ƙofofin jirgin ƙasa na cikin birni har ƙofa ta ƙi rufuwa, ga kuɗin kankare shi daga tituna da gidajen gwamnati. Amurka ta hana sayar da huhun dabba a matsayin abinci tun 1971, saboda tsoron ƙazantar tumbi da ke iya kwarara cikinsa lokacin yanka, abin da ya sa tuwon kayan cikin tunkiya da mutanen Sikotilan ke alfahari da shi ba ya shiga ƙasar, mu kuwa huhu na cikin farfesunmu lafiya lau. Ƙwan cakulan na Kinder Surprise ya ci karo ne da wata dokar Amurka ta 1938 da ta hana cusa abin da ba a ci a cikin alewa, don kada yaro ya shaƙe. Jihohi da yawa na Indiya sun hana yanka saniya saboda addinin Hindu, ga shi ƙasar tana sahun gaba a duniya wajen fitar da naman ɓauna, kuma wannan hani ya zama makami a hannun 'yan daba da suka kashe Musulmi a kan zargin nama kawai. Tsabta, tsoron cuta, lafiyar yara, addini, siyasar ƙuri'a: kowane hani da uwar da ta haife shi. Wanda ya zuba su a buhu ɗaya ya rubuta makirci a jiki ya hutar da kansa wahalar bincike, ya kuma bar mai karatu cikin duhu.

Sai maganar saɓanin Turai da Amurka, wadda ka ɗauka ta rushe binciken masana baki ɗaya. Mu ɗauki sinadarin bromet da ake zuba wa fulawa don burodi ya kumbura ya yi laushi. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan suka gano yana haddasa ciwon daji a ƙodar ɓeraye. Ingila ta hana shi a 1990, Kanada a 1994, Sin a 2005, Indiya a 2016. Najeriya ta hana shi a zamanin marigayiya Dora Akunyili tana shugabar NAFDAC, kuma masu shekaru za su tuna yadda aka riƙa rufe gidajen burodi a lokacin. Amurka ba ta hana ba, gaskiya ne. Amma ba ta taɓa cewa sinadarin lafiyayye ne a ci shi yadda aka ga dama ba. Hujjarta ita ce idan an zuba ɗan kaɗan aka kuma gasa burodin ya gasu sosai, zafin wuta na sauya shi ya koma wani abu marar illa, kuma hukumarsu ta daɗe tana roƙon masu gidajen burodi su daina da kansu. Ashe ba a kan illar sinadarin aka saɓa ba. An saɓa ne a kan wa za a amince wa: Turai ta ce a kawar da shi tun da akwai madadinsa, Amurka ta ce a bar wa mai gidan burodi amana. Yanzu Malam, ka dubi gidan burodin unguwa da ke auna sinadari da murfin kwalba, yana gashi da itace, yana gaggawar fitar da kaya kafin masu shayi su iso da asuba, ka faɗa mini wanne daga cikin hanyoyin biyu ya dace da mu. Su kansu Amurkawa suna komowa kan hanya. Jihar Kalifoniya ta sa hannu a dokar hana bromet a 2023, za ta fara aiki a 2027, kuma a Janairun 2025 hukumar tarayya ta soke izinin wani jan rini na alewa da tun 1990 aka hana sa shi a kayan kwalliya.

Yanzu ga wake, wanda shi ne ya fi ci mini rai a sharhinka.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Ba dare ɗaya aka yi hakan ba. Daga Janairun 2013 zuwa lokacin, tashoshin shigar kaya na ƙasashen Turai sun ba da sanarwar gargaɗi sama da 50 a kan wakenmu, kusan dukkansu a kan abu guda: maganin ƙwari mai suna diklobos, wanda shi ne sinadarin da ke cikin Sniper da kuma piya-piyar da ake haɗawa a kwalabe ana talla a tasha. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. An samu waken da ya kai 4.6, wato ninki 460. An ba da shekara ɗaya a gyara, ba a gyara ba, aka tsawaita a 2016, aka sake tsawaitawa a 2019.

Wane manomin Turai ake karewa da wannan hani? Farin wake irin namu ba abin da suke nomawa ba ne da yawan da za mu zame musu kishiya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman sa, Nijar na biye. Masu sayen sa a Landan da sauran biranensu galibi 'yan'uwanmu ne mazauna can, masu marmarin ƙosai da alale. Su aka kare, ba wani Bature mai gona ba. Kuma abin da ake fitarwa zuwa Turai bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da muke ci a gida. Buhunan da ke fita daga Dawanau zuwa Legas da Onica da Fatakwal, da wanda ake aunawa a mudu a kasuwar ƙauye, da wanda ake dafa wa ɗaliban makarantun kwana, da garau-garau da ɗanwaken da yara ke saye a ƙofar makaranta, duk daga rumbu ɗaya suke da wanda aka mayar daga tashar jirgin ruwa. Bambancin kawai shi ne na can an gwada shi, na nan ba a gwada ba. Mutum ne maƙwabcinsa ya ƙi shan ruwan rijiyar gidansa ya ce akwai mushe a ciki, shi kuwa maimakon ya leƙa rijiyar, sai ya tsaya a ƙofar gida yana zagin maƙwabci, iyalinsa na ci gaba da ɗiba.

Ba sai Bature ya faɗa mana ba, mun gani da idonmu. A 2008 an kwashi ɗalibai mata sama da ɗari daga wata makarantar sakandare a Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake mai maganin ƙwari. A ƙarshen 2018 bidiyon 'yan kasuwa na yayyafa wa wake Sniper ya karaɗe wayoyin jama'a, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Diklobos jijiyoyi yake kamawa. Wanda ya sha da yawa zai yi ta dalalar da miyau da amai da gudawa, numfashi ya sarƙe. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa ba ya faɗuwa a gaban kowa, don haka ba wanda zai danganta ciwonsa da kwanon wake. Irin wannan sakaci bai tsaya ga wake ba. A 2021 gwamnatin Kano ta sanar da rasuwar mutum 10 da kwantar da ɗaruruwa bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Babu hannun Turai a ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ban ce ɗan kasuwa mugu ba ne. Na san abin da ke tura shi. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, kuma cikin 'yan watanni yana iya mayar da buhu gari da huji. Mutumin da ya zuba jarinsa duka a kaka yana jiran bazara farashi ya tashi, idan ya buɗe sito ya ji motsin ƙwari, abin da ya fi kusa da hannunsa kuma ya fi araha shi zai ɗauka. Mai saye ma da nasa laifin, domin wake mai sheƙi marar huji ko ɗaya muke nema, mu ture wanda ƙwaro ya ɗan taɓa, alhali sau da yawa wannan ne shaidar ba a yi masa wanka da guba ba. Amma fahimtar dalilin mutum daban, gaya masa cewa abin da yake yi ba komai, maƙiya ne ke ƙulla masa sharri, daban. Sharhinka na biyun ya yi. Dillalin da ya karanta shi, ko aka karanta masa, ya samu fatawar ci gaba.

Game da kakanni, Allah ya jiƙansu, ba irin wakenmu suka ci ba. Kakarka da tawa da toka suke cakuɗa shi, ko yashi mai laushi, ko busasshen barkono, su zuba a tulu su liƙe baki da laka, ko a bar shi a cikin kwansonsa a rumbu. Ba su san piya-piya ba, ba su san kabaid ɗin masu walda da ake nunar da ayaba da mangwaro da shi ba, ba su san rinin da ake zuba wa manja don ya ƙara ja ba. Wanda ya kafa hujja da lafiyarsu sai ya dawo mana da hanyar ajiyarsu. Sannan kada mu manta da yawan yaran da ake binnewa a wancan zamani ba a san abin da ya kashe su ba.

Gyaɗa ta isa misali a nan. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, da aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Burazil. Daga nan aka gano dafin aflatoksin, wanda wata funfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan fari ya dake su a gona ko aka adana su da danshi. Dafin yana nan tun zamanin dalar gyaɗa a Kano da kafin ta, ba a dai san sunansa ba. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. Hanta yake ci, kuma idan ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi mana katutu a yankin nan, haɗarin sankarar hanta na ninkuwa sosai. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan cin masara mai wannan dafi, 125 suka rasu. Za ka iya cewa ma'aunin Turai ya yi tsauri, tun da ita maikurogiram 4 ta yarda da shi a kilon gyaɗar ci, Amurka kuwa 20, kuma masana tattalin arziki na Afirka sun daɗe suna wannan ƙorafi. Zan tsaya tare da kai a wannan muhawara. Sai dai ka lura da abin da ke faruwa a ƙasa: mai fitar da kaya waje yana tsince gyaɗa mai kyau ya cika kwantena, ruɓaɓɓiya da tsumburarriya kuma ba a zubar da su. Su ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli da mai da yajin tsire da kunun yara da abincin kaji. Talakan da kake cewa kana karewa shi ke cin abin da aka tsince aka ware.

Akwai wata ƙasa da ta taɓa bin hanyar da kake nuna mana. Da cutar haukar shanu ta ɓulla a Birtaniya a shekarun 1980, sakamakon ciyar da shanu da garin nama da ƙashin 'yan'uwansu, hukumomi suka dage cewa naman lafiya lau, masu tsoro kuma suna ɓata sunan ƙasa ne. A 1990 ministan gona John Gummer ya tsaya gaban 'yan jarida yana miƙa wa ƙaramar 'yarsa naman sa don ya nuna babu komai. A Maris na 1996 gwamnati ta fito ta amsa cewa da alama cutar na kama mutane. Cikin 'yan kwanaki Tarayyar Turai ta hana fitar da naman Birtaniya zuwa ko'ina a duniya, alhali a lokacin Birtaniya mamba ce a cikinta, fararen fata ne 'yan'uwan juna. An hallaka shanu sama da miliyan huɗu, mutum fiye da 170 suka mutu a ƙasar, kuma sai a 2006 aka ɗage takunkumin gaba ɗaya. Jaridunsu ma sun yi ta kururuwar makircin Faransa da Jamus a lokacin. Abin da ya buɗe musu kasuwa daga baya shi ne hana wancan abincin dabbobi, da yi wa kowace saniya takardar shaida daga haihuwa zuwa mahauta. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin matsalar wakenmu ba a wata uwa duniya yake ba. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, daga binciken da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka yi da takwarorinsu a Marwa ta arewacin Kamaru ya samo asali, kuma tun 2007 ake yaɗa shi a ƙauyukan Nijar da Najeriya. Hikimarsa irin ta tulun kaka ce: a busar da wake sosai, a ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfin kirki ma na yin wannan aiki. Ga gyaɗa da masara kuma cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da funfuna marar dafi, a watsa a gona kafin fure ta kore mai dafin. Manomin da ya gwada waɗannan ya san suna aiki. Abin da ke hana su yaɗuwa shi ne wanda ya kashe kuɗi ya sayi buhu mai tsada da wanda ya yayyafa piya-piya farashi ɗaya suke sayarwa a kasuwa, domin mai saye ba shi da hanyar bambance su.

Nan ne alƙalami irin naka zai yi amfani, Malam. A nemi a riƙa ɗibar samfurin wake da gyaɗa da manja daga manyan kasuwanni irin su Dawanau da Maigatari da Potiskum a kai ɗakin gwaji a kai a kai, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, da sunan kasuwa da sashen da aka ɗebo. A nemi makarantun kwana da asibitoci da gidajen yari, waɗanda ke sayen wake da tirela, su sa sharaɗin buhu mai ninki uku a kwangilarsu, domin dillali ya ga riba a cikin tsabta. A nemi shugabannin kasuwa su hukunta wanda aka kama yana yayyafi kamar yadda suke hukunta mai tauye mudu, malamai kuma su ambaci wannan a huɗuba a babin algus, tun da sayar wa mutum abinci mai guba a ɓoye ya fi tauye awo muni. Wannan aiki ne na NAFDAC da ma'aikatun gona da na lafiya na jihohi da ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi, kuma su nake fatan sharhinka na gaba zai kira da sunayensu ya tambaye su inda aka kwana.